Tulunan da Kawu Ya Binne

Har yau idan fasinja ya ce in sauke shi a ƙofar filin ƙwallon nan na hanyar Maisandari, sai na wuce da shi gaba kaɗan kafin in tsayar da napep ɗina. Wani ya yi mita, wani ya sauka ya biya ya tafi. Ba na son tsayawa a wurin ne kawai. Shekara huɗu ke nan, kuma duk wanda ya ce mini lokaci yana sanyaya zuciya, ina jinsa ne kurum, don tawa ba ta huce ba.

Filin ba wani babba ba ne: katanga, ƙofar ƙarfe, da 'yar rumfar 'yan kallo a gefe guda wadda rabin kwanonta iska ta kwashe. Amma a wannan sashe na gari shi kaɗai ne mai raga biyu tsayayyu da ƙofar da ake rufewa, don haka kulob biyu muka haɗu a kansa. Mu 'yan Bulabulin ne, teloli da masu gyaran waya da direbobin napep irina. Su kuwa 'yan Kasuwar Shanu ne, mahauta da 'ya'yan dillalai, ƙarti masu ƙirji, waɗanda in suka taka ka sai ka kwana uku kana ɗingishi. Kwamitin filin ya raba mana kwanaki. Litinin, Laraba da Asabar namu, Talata, Alhamis da Lahadi nasu, Juma'a kuma ta wasa ce bayan la'asar.

A takarda ke nan. A fili kuwa, sai mu zo ranar Asabar ɗinmu mu tarar da su sun riga sun shiga, wai kasuwa ce ta riƙe su ranar Alhamis, suna ramawa. Su bar mana ƙasusuwa da takardun tsire a tsakiyar fili. Mu kuma muka koma kwance ragarmu muna tafiya da ita gida, su buga ƙwallo ta wuce tsakanin ƙarafuna su bi ta da gudu har katanga. Suka sa wa ƙofa kwaɗonsu, muka kawo namu muka ɗora a kai, har sai da maigadi, wani dattijo mai haƙuri, ya koma yawo da makullai biyu a wuya yana roƙon kowa Allah da Annabi. Ban ce mu waliyyai ba ne. Amma su suka fara, kuma ko gobe aka tambaye ni haka zan ce.

Ni ne golan kulob ɗinmu. Tsakiyar filin yashi ne mai laushi, amma gaban raga wani ɗan kwangila ya taɓa cika shi da jar ƙasa mai tsakuwa, rana ta gasa ta ta zama siminti. Duk faɗuwar da zan yi sai na bar fata a wurin. Gwiwar hannuna da kwankwasona ba su taɓa warkewa ba, kafin wannan ya bushe wancan ya ɗaye. Har na koyi tsaron raga a tsaye, in miƙa ƙafa inda ya kamata in miƙa jiki, kocinmu yana ta zagina wai ina tsoron ƙasa kamar amarya.

A lokacin Kawu yana zaune a ɗakin zaurenmu. Yayan mahaifiyata ne, Babarbare, manomi a bakin tafki tun yana yaro: wake, masara, albasa, tattasai. Da rikici ya kore su daga garinsu, ya iso gidanmu da tabarma da buta da rigar jikinsa. Shekara biyu ya yi a wannan ɗakin. Masallaci kaɗai ke fitar da shi. Mutumin da aka ce yana riga kowa tashi a garinsu, ya koma sai a ajiye masa tuwo a dawo a ɗauke shi an ɗan taɓa gefe. Innata takan shiga madafa ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Duk gidan mun san Kawu yana tafiya ne a hankali a gaban idonmu, kuma babu wanda ya san abin da zai yi masa.

Wata ranar Laraba da yamma Inna tana wanke mini gwiwar hannu da ruwan gishiri a tsakar gida, ina ta ihu, sai ga Kawu a bakin zaure yana kallo.

"Kai kullum a ina kake faɗuwa haka?" ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci.

"A fili, Kawu. Gaban raga ne ba kyau."

"Gobe ka kai ni in gani."

Inna ta saki tsumman da ke hannunta. Shekara biyu ba ta ji ya nemi a kai shi ko'ina ba.

Washegari da sassafe na kai shi. Ya tsuguna a gaban ragar gabas, wadda ta fi kusa da famfon masallacin bayan katanga, ya ƙwaƙuli ƙasa da ɗan yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ce ƙasar ba ta mutu ba, ruwa ne ba ta samu. Na ce masa wa zai iya shayar da fili a zafin Maiduguri, ruwan da kafin ka juya baya ya ƙafe. Ya kalle ni irin kallon da ake wa wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya ce in nemo masa tuluna shida na ƙasa, sababbi, waɗanda ba a shafe su da komai ba.

Ga yadda ya yi. Ya haƙa ramuka huɗu a bayan raga, ɗaya kuma a wajen kowane ƙarfe, duk a bayan layi inda ƙafar ɗan wasa ba ta kaiwa. Ya binne tulunan har wuya, ya cika su da ruwa, ya rufe bakin kowanne da murfin tsohon kwano, ya ja yashi ya lulluɓe don kada yara su gani su fasa. Tulun ƙasa yana tsatsar da ruwa a hankali ta jikinsa, rana ba ta ganin ruwan balle ta shanye shi. Haka suke rayar da dashe a garinsu da rani. Sannan ya sa na kai shi bakin kogi ya ciro ciyawar kirikiri, wadda ke rarrafe tana kafa saiwa, ya daddasa a kewayen tulunan, ya farfasa jar ƙasar gaban raga ya cakuɗa ta da yashi da busasshen taki.

Daga ranar, kullum bayan asuba ni nake sauke shi a filin kafin in fara ɗaukar fasinja. Akwai baro da jarka biyu da ya ajiye wurin maigadi. Sai ya ɗebo ruwa, ya tsuguna a gindin kowane tulu, ya share yashi, ya ɗaga murfi, ya zuba, ya mayar, leɓensa na motsi da zikirin safe. Ba ruwansa da ranar wa ce, tamu ko tasu. Ciyawa ba ta san Talata ba, in ji shi.

Wata biyar aka yi. Kirikiri ta tsallako layi, ta rarrafo ta rufe gaban raga kusan taku shida, kore shar a cikin filin da ko'ina yashi ne da jar ƙasa. Kawu yana aske ta da tsohon almakashin da wani telan kulob ɗinmu ya ba shi. Kuma Kawu ya dawo. Ya koma cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ya koma musu da maƙwabta kan yaushe ruwa zai sauka, ya laƙaba mini suna Gola, ko a gaban baƙi haka yake kirana. Inna ta daina shiga madafa ta rufe ƙofa. Wata rana na ji ta a kan sallaya tana sa wa ciyawa albarka, na yi dariya, ta jefe ni da takalmi. Ba ciyawa kawai ke tsirowa a wurin nan ba, kuma duk gidanmu mun san haka.

Ni kuwa na samu abin da nake nema. Da na ga ƙasa ta yi laushi sai na koma tashi sama ina faɗuwa yadda na ga dama. A wasanninmu na Juma'a da 'yan Kasuwar Shanu, duk rabin lokacin da nake tsaron ragar gabas ba sa cin ko ɗaya. In an juya na koma ta yamma mai tsakuwa, sai su ci, don can ina lallaɓa jikina. Su kuma nasu golan, wani mahauci mai tumbi, ko a kan katifa ka ajiye shi ba zai faɗi ba, saboda haka ciyawar ba ta ƙara masa komai ba, muna zura masa a gabas kamar yadda muke zura masa a yamma. Wasa bakwai a jere haka. Mai hankali zai duba ya gane. Su ba su duba ba.

Mahauta mutanen sammako ne. A hanyarsu ta zuwa mayanka wasu suka riƙa hango wani tsoho ta saman katanga, tsugune a gindin raga, yana tone wani abu, yana zuba wani abu, yana motsa baki, yana rufewa. Magana ta fara yawo a Kasuwar Shanu.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma zan faɗe shi yadda yake. Wata Juma'a bayan mun ci su biyu da ɗaya, ina kwance igiyar takalmi a bakin ƙofa, sai kyaftin ɗinsu ya tsaya a kaina. Dogo ne, mai tabo a goshi, mun yi makarantar allo tare amma mun shekara ba mu gaisa ba.

"Kai, tsakaninka da Allah," ya ce, "me tsohon nan yake binnewa a gindin raga?"

Da na ce masa tulu ne da ruwa, da yau ba na wannan rubutu. Amma na ɗaga kai na ga tsoro a idon mutumin da ya shekara uku yana bar mana ƙashi a fili, sai wani daɗi ya kama ni.

"Abin da ya hana ku ci," na ce. "Guda shida ne. Daga bakin tafki aka zo da su, kuma kullum sai an ba su abin sha. Ku yi ta bugawa."

Abokaina suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ban tsaya nan ba kuma. Juma'ar da ta biyo suka samu fenariti, na je gindin ƙarfe na dafa ƙasa da tafin hannu, na shafa a fuska ina kallon mai bugawa. Ya ɗaga ƙwallon sama ta tsallake katanga. Ranar har rawa na taka. Ban taɓa gaya wa Kawu ba, ban kuma taɓa tsayawa na yi tunanin me nake mayar da shi a bakin mutane ba.

Ranar Alhamis ce, ranarsu, wajen la'asar. Ina tare da Kawu a napep, mun fito daga wurin masu tukwane. Ya sayi sababbin tuluna biyu, ya ce lokaci ya yi da za a fara ragar yamma. Na ce masa a bar ta haka, ai ta isa. Ya ce wancan golan mai tumbi shi ma ɗan mutane ne, wataƙila in ya ga laushi ta ko'ina ya koyi faɗuwa. Yana zaune a baya ya rungume tulunan, ɗaya a cinya ɗaya a gefe, yana ce mini in bi ramuka a hankali. Sai wayata ta yi ƙara. Maigadi ne.

"Ka zo yanzu. Sun zo da diga. Na hana su sun ture ni."

Ban san yadda na kai filin ba. Ƙofa a buɗe take, na shiga da napep ɗin har tsakiya.

Sun kai su talatin a gaban ragar gabas, da diga da shebur, wasu har da wuƙaƙen aikinsu. Sun feɗe ciyawar kamar fatar sa, sun naɗe ta sun jefar gefe, saiwa a sama tana kallon rana. Ramuka shida a buɗe. Duk tulun da suka tono sai su ɗaga shi su maka da ƙasa, wai don abin da ke ciki ya fito. Wasu sun durƙusa suna laluben taɓo da hannu, suna neman laya ko ƙaho ko kan baƙar kaza. Ba abin da ke wurin sai ruwa da ɓaraguzan tulu, da fararen saiwoyi sirara manne a jikin kowane ɓalli. Wata biyar na sammakon tsoho, ƙarti talatin suka gama da shi tsakanin azahar da la'asar.

Na yi kan kyaftin ɗin. Ban tuna na yi magana ba, na dai tuna hannuna ya sami bakinsa, na tuna an rufe ni da duka ta ko'ina, ina ƙasa ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Jahilai, na ce musu. Dabbobin da kuke yankawa sun fi ku hankali, su ko ba komai sun san ciyawa.

Abin da ya tsayar da dukan shi ne Kawu. Ya sauko daga napep, har yanzu da tulu ɗaya a rungume, don bai sami inda zai ajiye shi ba. Ya tako a hankali ya tsaya a bakin rami na farko. Suka buɗa masa hanya.

"Wushe, 'ya'yana," ya gaishe su da Barbarci. "Me kuke nema?"

Ya leƙa cikin ramin, ya ƙara da cewa:

"Ruwa ne. Ruwa ne kawai, don ciyawa ta sha."

Kyaftin ɗin ya tofar da jini, ya goge baki. Ya dubi tulun da ke hannun Kawu, ya dubi ɓaraguzan da ke ƙasa, na ga fuskarsa ta canza. Amma maimakon ya yi shiru ya haɗiye kunyarsa, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ba mu muka ƙirƙira ba. Ɗanka ne ya faɗa mana da bakinsa. Ya ce asiri ne ka kawo daga bakin tafki, guda shida, kana ba su abin sha. A gaban mutane ya faɗa."

Kawu ya juyo ya dube ni ina zaune a cikin taɓo.

"Gola, kai ka faɗa?"

"Wasa nake yi, Kawu. Tsokanarsu nake yi."

"Ni ina zikiri a nan kullum," ya ce, "kai kana gaya wa mutane boka ne kawunka."

Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani yanki na ciyawar, ya juya shi saiwa ta koma ƙasa, ya ajiye, kamar zai ci gaba da sauran, sai kuma ya fasa. Ya koma napep ya zauna ya jira ni. Har muka isa gida bai ce in bi ramuka a hankali ba.

Kwamiti ya kira mu ranar Asabar. Shugabansu, wani Alhaji da ban taɓa ganin ƙafarsa a filin ba, ya saurari kowa yana duba agogo, ya ce dukkanmu muna da laifi, ya rufe filin wata uku. Da na ce a sa su gyara abin da suka ɓata, sai ya ce, "Haba samari, duk wannan a kan ciyawa? Damina na zuwa, wata za ta fito." Wallahi da ba don kocinmu ya riƙe mini riga ba, da na ƙara wani laifin a kan na farko. Wata uku ƙofa a kulle, ba mai shiga da ko kofin ruwa. Ɗan abin da ya rage a ƙasa ya bushe ya zama ƙura.

'Yan Kasuwar Shanu ba su taɓa takowa gidanmu ba. Ƙarti talatin, an rasa mutum ɗaya da zai zo ya durƙusa gaban tsoho ya ce na yi kuskure. Abin da suka iya shi ne aiko da cinyar rago a leda, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Kawu ya ce a kai wa maƙwabta. Ina jin haushinsu har gobe, ina jin haushin Alhajin nan da agogonsa, kuma in na gama zagaye da haushin sai in tarar da shi zaune a ƙofata yana jirana, don ni na ba su digar da bakina.

Na ba Kawu haƙuri ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ce ya wuce. Da aka buɗe filin, na shiga ɗakin zaure na durƙusa na ce masa zan nemo wasu tulunan, ni zan yi haƙa, ni zan ɗebo ruwa, shi dai ya zauna a inuwa ya nuna mini. Ya tashi zaune a kan tabarmarsa. Sannan ya jawo tulunan nan biyu da ke ajiye a lungu tun ranar, ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa, ya saurari ƙararsu.

"Masu kyau ne," ya ce. "Ka kai wa uwarka ta wanke, a zuba ruwan sha."

Na daina tsaron raga a wannan shekarar. Kulob biyun suna nan suna faɗa a kan kwaɗo da ranar Asabar, an ce har sun kai ga raba filin da igiya. Kawu kuma ya koma tabarmarsa, masallaci kaɗai ke fitar da shi, Inna ta koma rufe ƙofar madafa. Tulunan suna zaure, dab da ƙofar ɗakinsa, ba yadda za ka shiga gidan ba ka wuce su ba. Duk yamma in na dawo daga aiki yana zaune a wurin, sai ya ɗaga kai ya nuna su da haɓa.

"Sha ruwa, Gola. Da sanyi."

Sai in tsuguna in ɗaga murfin in sha, yana kallona.